Muryar da ta buɗe taskar banki: tarihin kutse ta hanyar yaudara

A watan Oktoba na shekarar 1978, wani mutum mai suna Stanley Mark Rifkin ya shiga ɗakin aika kuɗi na bankin Security Pacific da ke birnin Los Angeles a Amurka. Ba baƙo ba ne a wurin. Masanin kwamfuta ne da aka ɗauko don ya yi aiki a kan tsarin da zai riƙe ɗakin idan na'urorinsa sun tsaya, saboda haka ma'aikata sun saba da fuskarsa. A wancan zamani, duk jami'in da zai ba da umarnin tura kuɗi ta wayar tarho sai ya faɗi wata lambar sirri da ake sauyawa kullum. Da yake haddace sabuwar lamba kowace safiya wahala ce, sai ma'aikatan suka riƙa rubuta ta a takarda suna ajiyewa inda ido zai kai. Rifkin ya gaisa da mutane, ya yi kamar yana duba aiki, ya karance lambar, ya fita.

Jim kaɗan ya tsaya a wata wayar jama'a ya kira ɗakin da ya baro. Ya ce shi jami'i ne a sashen hulɗa da ƙasashen waje, ya faɗi lambar ranar, ya ba da umarnin a tura dala miliyan 10.2 zuwa wani banki a New York, daga can a wuce da su Suwizalan. Kamar yadda aka ruwaito, ma'aikaciyar da ta ɗauki wayar ta nemi wata lamba ta biyu wadda bai san da ita ba. Bai ruɗe ba. Ya ce bari ya duba ya sake kira. Sai ya kira wani sashe na bankin, a wannan karon da sunan ma'aikacin ɗakin aika kuɗi, ya tambayi lambar, aka ba shi, ya koma ya cika aikinsa. Ya sayi lu'ulu'u na Tarayyar Sobiyet da mafi yawan kuɗin, kuma bankin bai farga ba sai bayan kwanaki. A ƙarshe dai an kama shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 8.

An daɗe ana lissafa wannan sata cikin manyan laifukan kwamfuta na farko, alhali kuwa Rifkin bai taɓa kwamfutar bankin ba a ranar. Ma'aikatan banki ne suka tura kuɗin da hannunsu, cikin ladabi da bin ƙa'ida, suna ganin aikinsu suke yi. Masana tsaron kwamfuta suna kiran wannan salo soshiyal injiniyarin, wato sarrafa tunanin mutum har ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da kansa. Asalin sunan ba na sharri ba ne. A 1894 wani mai masana'anta ɗan ƙasar Holan, J. C. van Marken, ya yi amfani da shi yana nufin cewa kamar yadda masana'anta ke buƙatar injiniyoyi masu kula da injuna, haka take buƙatar ƙwararru masu kula da al'amuran ma'aikata. Daga baya 'yan dandatsa suka ari sunan suka yafa wa sana'arsu. A nan za mu kira shi kutse ta hanyar yaudara, mu bi sawunsa daga zamanin wasiƙa zuwa zamanin da ake iya ƙirƙirar murya da fuskar shugabanka, don mu ga abin da ya sauya da abin da bai taɓa sauyawa ba.

Kafin a san kwamfuta

Eugène François Vidocq, tsohon mai laifi da ya zama jagoran 'yan sandan ciki a birnin Paris, ya bayyana wata damfara da fursunoni suka riƙa yi a Faransa bayan juyin juya halin ƙarshen ƙarni na 18. Sukan rubuta wa masu hali wasiƙa, marubucin ya ce shi baran wani basarake ne da ya ɓoye akwatin dukiya sa'ad da suke gudun hijira, yanzu kuma an tsare shi, yana neman ɗan abin da zai fanshi kansa don a raba dukiyar. A ƙarni na 19 labarin ya sake riga ya zama na wani attajiri da ke tsare a kurkukun Sifaniya. Duk wanda ya taɓa samun saƙon imel daga wai matar wani tsohon shugaba da ke neman inda za ta ajiye miliyoyi zai gane cewa tatsuniya ɗaya ce ake ta sauya mata suna fiye da shekara 200.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa kafin zamanin na'ura shi ne Victor Lustig, haifaffen yankin Bohemiya a 1890. A 1925 jaridun Paris sun yi ta maganar tsadar kula da hasumiyar Eiffel, wadda aka gina a 1889. Kamar yadda labarin ya shahara, Lustig ya sa aka buga masa takardu masu tambarin gwamnati, ya gayyaci wasu manyan dillalan tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda muke kira 'yan gwangwan, zuwa ƙasaitaccen otal ɗin Crillon. Ya gabatar da kansa a matsayin babban jami'i a ma'aikatar gidan waya, ya ce gwamnati ta yanke shawarar rushe hasumiyar ta sayar da ƙarfenta, amma maganar sirri ce don gudun hayaniyar jama'a. Ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, André Poisson. Da ya ga alamar shakka a tare da shi, sai ya kusance shi ya yi ƙorafin cewa albashin ma'aikacin gwamnati ba ya isa. Neman na goro ne ya gamsar da Poisson cewa lalle jami'in gaske ne. Ya biya kuɗin hasumiya da na hanci, Lustig ya shiga jirgin ƙasa ya bar ƙasar. Poisson kuwa kunya ta hana shi kai ƙara.

Duk kayan aikin da 'yan dandatsa ke amfani da su a yau suna cikin wannan labari. Akwai rigar iko da aka ara, akwai sirri da ke hana mutum shawara da kowa, akwai kwaɗayin riba, sannan akwai kunya da ke rufe bakin wanda aka cuta. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta raba murya da fuska.

Zamanin tarho

Tarho ne ya yi wannan aiki. A 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Charles Hofling, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya sani. An kira ma'aikatan jinya 22 ta waya, kowace a bakin aikinta. Mai kiran ya ce shi likita ne, alhali ba su taɓa jin sunansa ba, ya umarce su su ba wani majinyaci miligiram 20 na wani magani da ba ya cikin jerin magungunan da asibitin ya amince da su, wanda kuma aka rubuta a kwalinsa cewa kada a wuce miligiram 10 a rana. Dokar asibiti ta hana karɓar irin wannan umarni ta waya. Amma 21 daga cikin 22 sun ɗauko maganin za su bayar, sai da aka tsayar da su. Maganin na bogi ne, ba ya cutarwa. Da aka tambayi wasu ma'aikatan jinyar abin da za su yi a irin wannan hali, mafi yawansu cewa suka yi ba za su bi umarnin ba. Tazarar da ke tsakanin abin da mutum ke zaton zai yi da abin da yake yi idan murya mai iko ta yi magana, a cikinta mayaudari ke noma.

Babu wanda ya nome wannan gona kamar Kevin Mitnick, wanda aka haifa a Los Angeles a 1963. Yana ɗan shekara 12 ya ja wani direban bas da hira har ya gaya masa inda ake sayar da abin huda tikiti, ya tsinto tikitocin da ba a yi amfani da su ba a juji, ya riƙa yawo a birni kyauta. A 1979, yana da shekara 16, ya shiga kwamfutar kamfanin Digital Equipment Corporation. Bisa labarin da ya bayar da bakinsa, waya ya buga wa mai kula da na'urar, ya yi sojan gona da sunan ɗaya daga cikin manyan masu rubuta manhajar kamfanin, ya ce ya kasa shiga asusunsa, mutumin kuwa ya taimaka masa. Salonsa shi ne tara ƙananan bayanai. A kira na farko ya koyi kalmomin da ma'aikata ke amfani da su a tsakaninsu, a na biyu ya samu sunan wani manaja da ke hutu, a na uku ya ambaci sunan da kalmomin, sai a ɗauke shi ɗan gida. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Mitnick ya gano cewa ba sai ka sayi ɗan gari ba, ya isa ka yi magana irin tasa.

Hukumar FBI ta kama shi ranar 15 ga Fabrairu 1995 a birnin Raleigh, bayan ya shafe fiye da shekara biyu yana ɓuya. Ya yi shekara 5 a tsare, ya fito a Janairu 2000. Cikin watan Maris na wannan shekara ya bayyana a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, inda ya shaida musu cewa yaudarar ma'aikata ta yi masa amfani har ta kai ba kasafai yake buƙatar dabarun na'ura ba, kuma duk kuɗin da kamfanoni ke zubawa a kayan tsaro na iya tafiya a banza idan ba a kula da mutanen da ke riƙe da su ba. Ya ƙarasa rayuwarsa yana ba kamfanoni shawara kan tsaro, ya rasu a Yuli 2023.

Lamba 419

A nan tarihin ya ratsa ta Najeriya, kuma ba abin alfahari ba ne. Sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka shi ne ke hukunta karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. A shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi tattalin arziki ya shiga ƙunci, tsohuwar tatsuniyar fursunan Sifaniya ta sake bayyana cikin wasiƙu da saƙonnin faks da ke fita daga Najeriya, har lambar sashen ta zama sunan damfarar a duniya.

Mafi girma a cikinsu ita ce ta Emmanuel Nwude, tsohon darakta a Union Bank. Ya yi sojan gona da sunan gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Paul Ogwuma, ya shawo kan Nelson Sakaguchi, babban jami'i a bankin Banco Noroeste na birnin São Paulo a Brazil, cewa akwai kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kuma akwai kamasho mai tsoka ga wanda ya sa kuɗi. Tsakanin 1995 da 1998 asarar bankin ta kai dala miliyan 242. Asiri bai tonu ba sai da bankin Santander na Sifaniya ya zo sayen Noroeste aka shiga binciken littattafai. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta gurfanar da Nwude da abokan aikinsa, aka yanke masa hukunci a 2005. Abin lura shi ne wanda aka yaudara ƙwararren ma'aikacin banki ne mai shekaru a aiki. Nwude ya san harshen banki da takardunsa, don haka iliminsu ɗaya ya zama igiyar da ya ɗaure shi da ita. Kuma da zarar mutum ya tura kashi na farko, tsoron rasa shi ne ke sa ya tura na biyu.

Fatsa a kogin intanet

Intanet ta rage wa mayaudari wahala, domin wasiƙar da a da sai ya sayi kan sarki ya aika wa mutum ɗaya, yanzu yana iya aika ta ga dubun dubata kyauta. A tsakiyar shekarun 1990 wasu matasa suka riƙa aika wa masu amfani da kamfanin AOL saƙo da sunan ma'aikatan kamfanin, suna neman kalmar sirri ko lambar katin banki wai don a tabbatar da asusu. Su ne suka raɗa wa dabarar suna fishin, daga kalmar kamun kifi, domin jefa fatsa ake yi a jira wanda zai haɗiya. A watan Mayu na 2000 wani saƙo da ya taso daga Manila ta ƙasar Filifin, mai ɗauke da abin da ya yi kama da wasiƙar soyayya, ya ratsa miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Ƙarfinsa shi ne yana zuwa ne daga adireshin wanda ka sani, domin duk kwamfutar da ya kama sai ya aika kansa ga duk sunayen da ke cikinta. Ba a hukunta ɗalibin da ya rubuta shi ba, saboda ƙasar ba ta da dokar da ta haramta hakan a lokacin.

Daga nan sai aka koma daga jefa taru zuwa harbin kifi ɗaya. A Maris 2011 aka aika wa wasu ƙananan ma'aikatan kamfanin RSA saƙon imel mai taken shirin ɗaukar ma'aikata na shekarar. RSA kuwa shi ne ke ƙera ƙananan na'urorin lambar sirri da bankuna da kamfanonin makamai ke dogaro da su. Na'urar tace saƙonni ta yi aikinta, ta jefa saƙon cikin shara, amma wani ma'aikaci ya zaƙulo shi ya buɗe. Kamfanin da ya mallaki RSA ya ce lamarin ya ci masa dala miliyan 66.

Wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, bai ma buƙaci mugunyar manhaja ba. Ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke yi wa manyan kamfanoni kayan kwamfuta. Tsakanin 2013 da 2015 ya riƙa aika wa Facebook da Google takardun neman biyan kuɗi na jabu, da kwangiloli da tambura, su kuwa suna biya, har kuɗin suka haura dala miliyan 120. An yanke masa ɗaurin shekara 5 a 2019. Irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci tana cikin mafiya tsada a yau. Ƙorafe-ƙorafen da FBI ta karɓa a kanta a 2023 kaɗai sun kai asarar dala biliyan 2.9.

Komawa ga murya

Da kamfanoni suka ƙarfafa tace imel suka kuma ƙara matakin tabbatarwa na biyu, sai 'yan dandatsa suka koma ga makamin Rifkin. A Yuli 2020, lokacin da annobar korona ta sa ma'aikatan Twitter aiki daga gida, wasu suka riƙa kiransu da sunan sashen taimakon kwamfuta na kamfanin, suna cewa za su gyara musu matsalar shiga rumbun ofis daga nesa, matsalar da dama ta addabi ma'aikatan. Sukan tura mutum wani shafi mai kama da na kamfanin. Yana rubuta kalmar sirrinsa suna kwafewa zuwa shafi na gaske, lambar tabbatarwa na shigowa wayarsa ya rubuta, su ma su rubuta. Ranar 15 ga Yuli suka taɓa asusu 130, suka wallafa saƙo daga 45, ciki har da na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk, suna alkawarin ninka wa mutane kuɗin bitkoyin. Abin da suka samu bai wuce kusan dala 118,000 ba. Jagoransu yaro ne ɗan shekara 17 daga Tampa a jihar Florida. Wannan ya faru ne watanni huɗu kafin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, kuma sa'ar da aka yi ita ce kuɗi kawai yaran suke so. Binciken hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ya nuna cewa ma'aikata fiye da 1,000 ne ke da ikon taɓa kayan aikin cikin gida da aka yi ɓarnar da su.

A Satumba 2023 kamfanin otal-otal na MGM a Las Vegas ya ga irin wannan. An kira sashen taimakon ma'aikata da sunan wani ma'aikaci, aka nemi a sake buɗe masa asusu. Kwanaki da dama makullan ɗakuna da na'urorin biyan kuɗi suna cikin rikici, kamfanin ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 100.

Sai kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A farkon 2024 wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfanin injiniya na Arup a Hong Kong ya samu saƙo wai daga babban jami'in kuɗi da ke Birtaniya, yana maganar wata hada-hada ta sirri. Ma'aikacin ya yi shakka, kuma shakkarsa daidai ce. Amma sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga jami'in da wasu abokan aiki, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a kashi 15. Duk fuskokin da ya gani a taron na jabu ne. Tsohuwar shawarar cewa ka tabbatar da idonka ta faɗi a ranar.

Abin da tarihin ya koyar game da kariya

Amsar farko da kamfanoni suka bayar ita ce horo da gargaɗi, a tara ma'aikata a ce musu su yi hattara. Horo yana da amfani, amma gwajin Hofling ya riga ya nuna iyakarsa, domin ma'aikatan jinyar nan sun san doka sarai. Mutum yana gajiya, yana sauri, yana son ya taimaka, kuma mayaudari sau ɗaya kawai yake buƙatar ya dace. Kariyar da ta yi aiki a tarihi ita ce wadda ba ta dogara da cewa kowa zai kasance a farke kullum ba.

Ta farko ita ce ka katse, ka kira da kanka. Duk buƙatar da ta shafi kuɗi, ko sauya lambar asusun ɗan kwangila, ko sake kalmar sirri, a tabbatar da ita ta wata hanya dabam, da lambar da kake da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Lambar da ke bayyana a fuskar waya ana iya ƙirƙirar ta, haka murya, haka fuska. Abin da ke da wuya ga ɓarawo shi ne ya amsa kiran da kai ka buga zuwa layin da ka sani. Idan an haɗa wannan da ƙa'idar cewa babban kuɗi ba ya fita sai da amincewar mutum biyu, to dole mayaudari ya ci nasara sau biyu a kan mutane biyu.

Ta biyu ita ce a cire sirrin daga bakin mutum. Duk abin da za ka iya karantawa ka faɗa, ana iya yaudararka ka faɗe shi. A farkon 2017 Google ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 amfani da ɗan makullin tsaro da ake soka wa kwamfuta, kuma a 2018 ya ce tun daga lokacin ba a tabbatar da ƙwace asusun ma'aikaci ko ɗaya ba. Makullin yana duba adireshin shafi da kansa, idan na jabu ne ba zai amsa ba, komai gamsuwar mai riƙe da shi. A 2022 an aika wa ma'aikatan kamfanin Cloudflare aƙalla 76 saƙon fatsa ta waya, uku suka rubuta kalmar sirrinsu a shafin jabu, amma ɓarayin ba su shiga ba saboda makullin. Inda babu irin wannan makulli, aƙalla a kunna tabbatarwa ta mataki biyu a imel da WhatsApp, a kuma riƙe ƙa'ida ɗaya da ba ta da togiya: lambar da banki ko WhatsApp ya turo maka taka ce kai kaɗai. Wanda ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka idan ba ka gyara BVN ba, ko ya ce ya tura lamba wayarka bisa kuskure, ko lambar shiga taron ƙungiya ce, jikan Rifkin ne. Sanin sunanka da ranar haihuwarka ba shaida ba ce, irin tsintar da Mitnick ke yi ce kafin kira na uku.

Ta uku ita ce taƙaita iko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma girman ɓarnar ya danganta da yawan ɗakunan da ke buɗe a bayan bangon. Kowane ma'aikaci a ba shi iznin abin da aikinsa ke buƙata kawai, a kuma janye shi ranar da ya bar kujerar.

Ta huɗu ta shafi kunya. Shirun Poisson ne ya ba Lustig damar dawowa Paris ya sake gwada sayar da hasumiyar. A yau awannin farko su ne ke bambanta kuɗin da banki zai iya tsayarwa da waɗanda suka tafi ke nan. Ma'aikatar da ke wulaƙanta wanda ya yi kuskure tana koya wa sauran su ɓoye nasu. Cloudflare ya bayyana cewa bai hukunta mutum ukun nan ba, kuma rahoton da ma'aikata suka kai da wuri ya taimaka wajen toshe harin.

Ta biyar ta fi shafar shugabanni. A Yuli 2024 aka ruwaito cewa wani babban jami'in kamfanin motoci na Ferrari ya samu saƙonni da kira daga murya mai kama da ta shugaban kamfanin, Benedetto Vigna, ana maganar wani ciniki na sirri. Jami'in ya nemi afuwa, ya ce yana so ya tabbatar, ya tambayi sunan littafin da shugaban ya ba shi shawarar karantawa kwanakin baya. Nan take aka kashe wayar. Wannan tambaya ba ta buƙaci ilimin kwamfuta ba, amma ta buƙaci ma'aikacin da ba ya tsoron yi wa maigidansa tambaya. A ofisoshinmu, inda "oga ya ce" kan rufe kowace muhawara, inda kuma tambayar babba kan zama kamar rashin kunya, wannan ne wurin da ya fi rauni. Girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, mayaudari kuma ya san da ita, da ita yake lissafi. Maganin yana hannun na gaban. Shi ne zai tara akanta da ma'aji da sakatare ya ce musu, tun kafin wani abu ya faru: ko ni na kira da muryata na ce a tura kuɗi yanzu-yanzu, ku katse ku kira ni, kuma wanda ya yi haka ya kyauta. Idan ya faɗa, sai ya cika ranar da aka gwada shi yana cikin sauri.

Mu koma ɗakin aika kuɗi na 1978. Ma'aikaciyar nan ta yi tambaya, kuma tambayar ta tsayar da Rifkin na ɗan lokaci. Abin da tsarin bankin bai tanadar mata ba shi ne ta ajiye waya ta nemi jami'in da aka ambata a lambarsa ta ofis. Ta jira shi ya sake kira, ya kuwa kira da amsa a hannu. Bayan shekara 46, ma'aikacin Arup ya tsaya a daidai wannan gaɓa, da shakka a zuciyarsa, shi ma ya bar mai neman kuɗin ya zaɓi hanyar da za a kawar masa da ita. Kiran da zai ɗauki minti biyu ne ya raba su duka biyun da tsira, kuma har yau kiran nan yana hannun duk wanda ke da wayar da zai buga.